Fanka Na Juyawa, Hoto Bai Zo Ba: Nazari Kan Kwamfutar Tebur Da Ta Yi Shiru Bayan An Ƙara Mata Kaya

An ɗaure kusoshi, an mayar da murfi, an danna maɓalli. Fanka ta ɗauka, 'yar fitilar gaba ta kama, amma monita ta nuna ɗan saƙon cewa babu abin da ke iso mata, ta koma barci. Kwamfutar da jiya take aiki lafiya ƙalau, yau an kashe mata kuɗi don ta ƙara gudu, ga shi ko gaisuwa ta ƙi yi. Abin da ke fara faɗo wa mai ita a rai shi ne an sayar masa da mataccen kaya, ko kuwa ya ƙona wani abu da hannunsa. Duka biyun suna faruwa, sai dai a abin da na gani a kan teburin gyara su ne mafi ƙaranci. Abin da ya fi yawa shi ne sabon kayan lafiyarsa lau, kwamfutar ma haka, jituwa ce kawai ba su yi ba. Mutane na ɗaukar cewa da zarar kaya ya shiga gurbinsa to ya dace, alhali shigar jiki ɗaya ce daga cikin sharuɗɗan. Akwai batun wutar da kayan zai ci, akwai kuma batun ko kwamfutar ta ma san da wanzuwar irinsa.

Ba za a gane bakin zaren ba sai an san yadda kwamfuta ke farkawa, domin hoto kusan shi ne na ƙarshe a jerin. Da an danna maɓalli, babban farantin nan da komai ke manne a jikinsa, wanda masu gyara ke ce wa bod, yakan umarci akwatin wuta ya saki lantarki. Akwatin zai fitar da bolt 12 da 5 da 3.3, ya jira ɗan abin da bai wuce rabin daƙiƙa ba, sannan ya aika alamar cewa wuta ta daidaita. Sai furosesa ta farka ta karanto umarninta na farko daga wani ƙanƙanin guntu da ke kan bod, inda aka adana manhajar da ake kira bayos. Bayos ne zai tantance furosesar, ya lalubo ram ya gwada shi, ya bi ramukan da ake soka katuna ya ga wa da wa ke nan, ya iske katin hoto ya tashe shi. A wannan zangon ne tambarin kamfani ke bayyana. Duk inda tafiyar ta tsaya kafin nan, abu ɗaya mai kallo zai gani: baƙin sikirin. Ram da bai zauna ba, furosesar da bod bai santa ba, wayar wutar da aka manta, duk fuska ɗaya suke nunawa. Fanka kuwa ba shaida ba ce ko kaɗan. Ita bolt 12 kawai take so, za ta yi ta juyawa ko da furosesa ba ta karanta harafi ɗaya ba.

Amma kwamfutar ba ta rasa bakin magana ba gaba ɗaya. Tun daga kwamfutar IBM ta 1981 ake sa ƙaramar lasifika da ke yin tsiwa in gwajin farko ya ci tura. Tsiwa ɗaya gajera na nufin komai lafiya. A tsarin IBM da na bayos ɗin Award, doguwa ɗaya da gajeru biyu na nuni ga ɓangaren hoto. Sauran kamfanoni kowa da nasa lissafin, don haka littafin bod ɗin ne alƙali. Matsalar ita ce akwatunan kwamfuta na yanzu galibi ba sa zuwa da wannan lasifikar, sai mutum ya nemo ta ya soka a allurai huɗun da aka tanadar mata. A madadinta, bod da yawa na zuwa da ƙananan fitilu huɗu a gefen dama, an rubuta musu CPU da DRAM da VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ke faɗa maka zangon da aka maƙale. Kwamfutocin ofis na Dell suna magana ne da fitilar maɓallin kunnawa, tana ƙyaftawa da ƙidaya. In duk babu waɗannan, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: a danna maɓallin Caps Lock ko Num Lock. In fitilarsa na kamawa tana mutuwa, galibi kwamfutar ta wuce gwajin farko, laifin na tsakanin mafitar hoto da monita ne.

A wannan tsakanin ne kuma ake yin kuskuren da ya fi kowanne ban haushi. Wani ɗan yayata ya tara kuɗinsa ya sayi katin hoto na hannu don aikin haɗa bidiyo. Ya ɗauko akwatin kwamfutar a bayan babur ya dire min a zaure, ransa a ɓace. "Kawu, katin nan matacce ne, gobe zan mayar musu da abinsu." Na ce ya haɗa min ita yadda ya haɗa a gida. Ya ɗauki wayar HDMI ya soka a ramin sama, can kusa da ramukan kibod, inda ya saba sokawa shekara biyu. Ramukan sabon katin suna ƙasa a kwance, ko 'yan murafun robar da ke toshe da su bai cire ba. Na zare wayar na mayar ƙasa, hoto ya fito. Bai ce komai ba, ya sunkuyar da kai yana dariya.

Ba wauta ba ce ta sa shi yin haka. Ramukan hoton da ke jikin bod ba su da injin kansu, mafita ce kawai ga sashen hoton da ke cikin furosesa, kuma bod da yawa sukan rufe wannan sashen da zarar sun ga an soka kati. Wannan gaskiyar tana da wata fuska da ta fi ɓoyuwa. Ba kowace furosesa ke da sashen hoto ba. Tun farkon 2019 Intel ke fitar da masu harafin F a ƙarshen suna, irin su Core i5-9400F da i5-12400F, waɗanda sashen hotonsu a kashe yake. A ɓangaren AMD, furosesocin Ryzen na tebur da suka gabaci jerin 7000 na 2022 ba su da shi, sai masu harafin G, kamar 3400G da 5600G. Wanda ya cire 3200G ya sa 5600X, yana murna ya samu ƙarin ƙarfi, zai tarar da ramin HDMI ɗinsa ya zama rami kawai. Babu abin da ya lalace, kuma babu gyaran da zai kawo hoto sai an sa kati.

Akwai wani tarkon da ya fi kama mutanenmu, saboda har yanzu tsofaffin monitoci masu shuɗiyar wayar VGA sun cika shagunan buga takardu da cibiyoyin koyon kwamfuta. VGA tsohon salo ne na aika hoto, ba irin na HDMI ba. Tsofaffin katuna suna da ramin DVI mai ɗauke da salon biyu, shi ya sa ɗan ƙaramin mahaɗi marar inji ke wadatarwa. Katuna irin su GTX 1060 na 2016 sun daina fitar da tsohon salon kwata-kwata. Ko mahaɗin ya shiga, babu abin da zai ɗauko. Sai an sayi mai inji a ciki, wanda ke juya HDMI ko DisplayPort zuwa VGA. A kuma duba cewa monita na sauraron ƙofar da aka soka wayar, domin ba kowacce ke nema da kanta ba.

Batun wuta lissafi ne tsantsa. Doguwar tsagar da ake soka katin hoto ba ta ba da fiye da wat 75. Katin da ya wuce haka yana da ramin wuta nasa a bisa ko a gefe: mai allura 6 yana ƙara wat 75, mai allura 8 yana ƙara 150. Wasu katunan in an manta wayar sukan rubuta gargaɗi a sikirin, wasu shiru kawai suke yi. A nan ne kwamfutocin ofis na hannu da ake shigo da su, waɗanda suka cika kasuwanninmu, ke ba da wahala. Ƙananan Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP suna zuwa da akwatin wuta na wajen wat 180 zuwa 255, ba su da wayar katin hoto, kuma samfura da yawa ba sa amfani da mahaɗin allura 24 na tsarin ATX da kowa ya sani, suna da nasu na daban. Ma'ana ko sabon akwatin wutar aka sayo, ba lalle ne ya shiga ba. Katin da ya dace da irin su shi ne wanda tsagar kaɗai ke ciyar da shi, kamar GT 1030 ko wasu nau'o'in GTX 1050 Ti da 1650, su ma sai gajerun. Ban yarda da mahaɗin nan da ke jawo wutar kati daga wayar hadis ba. Wani lokaci yana tashin kwamfuta, amma ba a yi wayar don wannan nauyin ba, ƙarshenta zafi da ƙauri.

Abu biyu kuma na faruwa ga wanda ya canja akwatin wutar. Na farko, ya soka babbar wayar allura 24 ya manta da ta furosesa, mai allura 4 ko 8, wadda ke lafe can sama a kusurwar hagu. Fanka za ta juya, furosesa ba za ta farka ba. Ita wannan wayar ta yi kama da ta katin hoto, amma ta furosesa tana rabuwa huɗu da huɗu, ta kati shida da biyu, kuma jerin wutarsu ya saɓa. Na biyu ya fi muni. Akwatunan da ake cire wayoyinsu ba su da tsari ɗaya a bakin akwatin. Wanda ya yi ƙyuyar zare tsofaffin wayoyi ya soka su a sabon akwati na iya tura bolt 12 inda ake jiran 5. Wannan kam ƙona kaya yake yi da gaske.

Ram shi ne babban wanda ake tuhuma, kuma ya cancanci tuhumar. Sandar DDR4 na buƙatar dannawa da ƙarfin da ke tsorata sabon shiga, har sai maƙallin ya rufe da kansa da ƙara. A bod ɗin da maƙalli gefe ɗaya kawai yake da shi, sandar kan zauna a sama ta bar ƙasa a ɗage da kaurin farce, ido ba zai gani ba. Ko wanda bai sayi ram ba yana iya gogar sandar da hannunsa sa'ad da yake kokawa da kati. A bod mai ramuka huɗu, sanduna biyu na zama ne a na biyu da na huɗu daga furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Tsakanin zuriyoyin ram ba a cika yin kuskure ba, domin tsagar da ke ƙasan sandar tana wuri daban: DDR3 haƙora 240 ne, DDR4 da DDR5 duka 288 amma ba sa shiga ramin juna. A cikin zuriya ɗaya ne gizo ke saƙa. Ana sayar da ram ɗin da aka ciro daga manyan kwamfutocin saba da araha mai jan hankali, kuma yana shiga ramin kwamfutar tebur daidai wa daida. A karanta takardar da ke jikinsa: PC3-12800U na tebur ne, PC3-12800R na saba ne, kuma bod na gida ba zai tashi da shi ba. Harafi ɗaya ne ya raba su. Tsofaffin bod na zamanin Core 2 kuma sukan karɓi sandar giga 4 mai guntaye 16 su ƙi mai guntaye 8, duk da girmansu ɗaya a rubuce.

DDR5 ya zo da wani hali da ke sa mutane su ɓata abu mai kyau da hannunsu. A kunnawar farko, bod kan ɗauki lokaci yana auna sandunan yana daidaita saƙo da su, kuma a wasu kwamfutocin, musamman masu mazaunin furosesa na AM5 na AMD masu ram mai yawa, wannan kan kai 'yan mintuna, sikirin baƙi ƙirin, fitilar DRAM a kunne. Mai gajen haƙuri zai kashe bayan daƙiƙa talatin, ya sake kunnawa, awon ya koma farko, shi kuma ya ƙara tabbata wani abu ya mutu. A ba ta minti biyar kafin a taɓa komai.

Sai kuma tsohon saiti. Bayos na tuna gudun da aka ɗora wa tsohon ram, in aka sa sabo zai yi ƙoƙarin tuƙa shi da wannan gudun. Maganin shi ne a mantar da shi: a zare wayar bango, a cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, na 'yan mintuna, ko a haɗa allurai biyun da aka tanada don haka.

Inda rashin jituwar ya fi fitowa fili shi ne canjin furosesa, kuma babu misalin da ya kai na mazaunin AM4 na AMD. Mazauni ne mai ramuka 1331, Ryzen na farko ya hau kansa a watan Maris na 2017, kamfanin kuma ya yi alƙawarin ci gaba da shi har 2020. Alƙawarin ya yi wa masu saye daɗi, amma ya zo da ƙura. Bayos na ɗauke da bayanan kowane gidan furosesa da ya sani. Bod ɗin B450 da aka ƙera a 2018 bai taɓa jin labarin Ryzen 3000 na Yulin 2019 ba, balle 5000 na Nuwambar 2020. Furosesar za ta zauna a mazauninta tsaf, hannun kulle ya sauka, fanka ta juya, fitilar CPU ta tsaya ja. Don a koya wa bod sabuwar furosesa sai an sabunta bayos, don a sabunta bayos kuma sai kwamfutar ta tashi, ita kuwa ba za ta tashi ba sai da furosesar da ta sani. Wanda ya riga ya sayar da tsohuwar don ya cika kuɗin sabuwar ya shiga tsaka mai wuya. Abin ya kai ga a 2018, lokacin fitowar 2200G da 2400G, AMD ta riƙa aika wa masu saye aron ƙaramar furosesa A6-9500 su sabunta bayos su mayar mata.

Ƙarancin wuri ya ƙara dagula lamarin. Bod da yawa na da guntun bayos na megabayit 16 ne kawai, ba zai ɗauki bayanan dukan zuriyoyin ba. A 2019 MSI ta rage adon fuskar bayos ɗinta don ta sami wuri, ta kuma fito da bod masu laƙabin MAX masu megabayit 32. A Mayun 2020 AMD ta ce B450 da X470 ba za su ɗauki zuriya mai zuwa ba, ta kafa hujja da wannan ƙarancin, amma da ƙorafi ya yi yawa ta janye cikin makonni biyu. Abin da ya shafi mai gyara a nan shi ne sabon bayos kan zubar da tsofaffin furosesoci don ya shigar da sababbi. Kenan akwai wanda zai sabunta da tsohuwar furosesarsa, kwamfutar ta sake kunnawa ta ƙi ganin tsohuwar ma. In sabuwar tana hannu ba komai. In ba ta iso ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kowane kamfanin bod na wallafa jerin furosesocin da bod ke ɗauka tare da lambar bayos ɗin da kowacce ke buƙata, kuma karanta wannan jerin kafin a ba da kuɗi ya fi duk wata dabara da za a yi bayan haka.

Intel ma tana da nata, kuma nata ba shi da magani. Furosesocinta na zuriya ta 6 da ta 7 da na ta 8 da ta 9 duka suna hawa mazauni mai suna LGA1151. Core i5-8400 zai kwanta a bod ɗin H110 kamar don shi aka yi, amma ba zai tashi ba, domin zuriya ta 8 na buƙatar bod na jerin 300, kuma babu sabuntawar kamfani da ke gyara haka.

Ga matsalar sabunta bayos kuwa, masu ƙera bod sun samo mafita, wato maɓallin da ke sabunta bayos daga filas ba tare da furosesa ko ram ba. ASUS na kiransa BIOS Flashback, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Kowanne da sharaɗinsa na sunan fayil da ramin USB ɗin da za a soka. A ƙasarmu akwai sharaɗin da littafin bai ambata ba: kada a fara sai da inbata ko batirin UPS mai rai. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta guntun, bod ɗin da ba shi da wannan maɓallin ko guntu na biyu sai an kai shi ga mai na'urar rubuta guntu.

Katin hoto shi ma yana da nasa ƙaramin bayos, kuma dole ya yi yare ɗaya da na bod. Da Windows 11 ta fito a Oktoban 2021, mutane da yawa sun shiga saiti sun kashe CSM, wato gadar da ke bai wa sabon tsarin UEFI damar magana da tsofaffin kaya. Mai tsohon katin da bai san UEFI ba, daga nan bai sake ganin hoto ba sai da ya cire batiri. Haka kuma a 2018 NVIDIA ta fitar da gyara ga katunanta na jerin 900 da 1000 da wasu na 700, waɗanda ke nuna baƙi a sababbin monitocin DisplayPort har sai Windows ta hau. Alamar irin wannan ita ce hoto na zuwa ta HDMI ya ƙi ta DisplayPort.

Duk wannan ilimin ba ya amfani in aka canja abu uku a lokaci guda. Wanda ya sa sabon ram da kati da akwatin wuta a zama ɗaya ba zai san wa zai tuhuma ba. Hanyar da nake bi ita ce a rage kwamfutar zuwa abin da ba za ta tashi ba sai da shi: bod, furosesa da fankarta, sandar ram ɗaya, wuta, da mafitar hoto ɗaya. A zare hadis da duk abin da ke USB in ban da kibod. In ta tashi, a riƙa mayar da kaya ɗaya-ɗaya. In ta ƙi, a mayar da tsohon kayan da aka cire. Tsohon ya tashe ta, laifin na sabon ne ko na jituwarsa, sai a gwada shi a kwamfutar wani kafin a koma kasuwa da faɗa. Tsohon ma ya ƙi, to hannu ya taɓa wani abu yayin aikin. A nan sai a ɗauko fitila a duba alluran: a AM4 suna jikin furosesa, kuma busasshen man sanyaya kan sa ta fizgo tare da fanka su lanƙwashe, a na Intel da AM5 suna cikin mazaunin. Allura ɗaya da ta karkace ta isa ta kashe ramin ram guda biyu. In aikin ya faɗo a hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke sa riga ta yi tartsatsi in ana cire ta, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a ɗauki kowane kaya, a riƙe shi ta gefe, a kuma hure ƙurar ramukan kafin a soka. Haƙoran ram ɗin da suka dushe, robar goge fensir na dawo da haskensu, muddin an kakkaɓe garinta kafin a mayar.